Gajeriyar bindiga mai dogon tarihin cijewa

A jikin wata bindiga mai suna High Standard Model 10, wadda aka ƙera wa 'yan sandan Amurka tsakanin 1967 da 1977, kamfanin ya buga gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa kada a harba ta daga kafaɗar hagu. Dalili kuwa shi ne ƙofar da kwanson harsashi ke fita tana can baya, daidai kumatun mai harbi. Idan bahago ya ɗora ta a kafaɗarsa ya ja kunama, kwanso mai zafi a fuskarsa zai sauka. Wannan gargaɗi shi ne farkon bashin da masu ƙera irin wannan bindiga suka ci, kuma har yau ba su gama biya ba.

Ƙirar da ake magana a kai ana kiranta bulfof. A bindigar da kowa ya sani, kunama tana baya, gidan harsashi da injin da ke ɗanawa suna gabanta, sai gindin katako ko na roba da ake tokarewa a kafaɗa, wanda ba komai a cikinsa. Masu ƙirar bulfof sai suka ce wannan gindi asarar wuri ne, suka kwashe injin suka cusa a ciki, suka matso da kunama gaba, kamar tsohuwar motar Volkswagen mai siffar kunkuru da aka mayar wa inji baya. Bututun yana nan da tsawonsa, amma bindigar gaba ɗaya ta gajarce da kusan ƙafa guda. Ga sojan da ke fita daga motar sulke ko ɗan sandan da ke shiga lungun gida, ƙafa guda ba abin rainawa ba ce.

A bindigogin sojoji masu harsashi ɗaya mai tsini, dabarar ta karɓu. Ostiriya ta ɗauki Steyr AUG a 1977, Faransa ta bi da FAMAS, Birtaniya da SA80 a 1985. Amma a shotgan, wato bindigar da harsashinta ke watsa ƙwayoyin dalma, dangin wadda a Najeriya aka fi sani da fom-akshin, labarin ya sha bamban. An fi shekara 50 ana gwadawa, kuma manyan rundunoni sun ƙi sakin tsohuwar ƙira.

Wanda ya fara tunanin Model 10 ba injiniya ba ne. Wani sajan ne na 'yan sandan Santa Monica a jihar Kalifoniya, Alfred Crouch, a ƙarshen shekarun 1950. Yana son bindigar da ɗan sanda zai iya harbawa da hannu ɗaya yayin da ɗayan ke riƙe da sitiyari ko ƙofa. Saboda haka aka yi mata gindi mai juyawa da za a tokare a damtse, aka kuma dasa mata tocila a sama. Kamfanin High Standard ya ɗauki injin wata bindigarsa ta farauta mai ɗana kanta da iskar albarushi, ya lulluɓe shi da roba. A takarda abin ya yi kyau. A hannun 'yan sanda sai ta riƙa cijewa, musamman idan harsashin ba mai ƙarfi ba ne, domin iskar ba ta isa ta tura injin har ƙarshe. Harsashi huɗu kacal take ɗauka. Ofisoshin da suka saya suka yi ta mayar da ita ma'aji.

A ganina, asalin matsalar ba a bindigar take ba, a harsashin take. Harsashin shotgan an gaje shi ne daga ƙarni na 19, lokacin da ake karya bindiga gida biyu a saka shi da yatsa. Jikinsa roba ne, kansa a baje yake ba tsini, gindinsa kuma yana da leɓe da ya fi jikin faɗi. Idan aka jera irinsa a gidan harsashi mai siffar akwati, leɓen wani yana iya hawa na wani ya maƙale, kuma idan ya daɗe a matse robar takan lotse. Ga shi ƙarfinsa ba ɗaya ba: na harbin tsuntsu daban, na manyan ƙwayoyi daban, na dunƙulen dalma daban, na roba da ake tarwatsa taro da shi kusan ba shi da ƙarfin motsa inji. Duk injin da za a ce ya ci waɗannan duka ba tare da tari ba, an ɗora masa babban aiki tun kafin a cusa shi a ƙunƙuntaccen wuri.

Injiniyoyin Jamus sun gane haka. A shekarun 1980, lokacin da sojojin Amurka suka nemi sabuwar shotgan ta yaƙi a ƙarƙashin shirin CAWS, kamfanin Heckler & Koch da na Olin suka kawo bulfof mai gidan harsashi 10, amma sai da suka ƙirƙiro mata sabon harsashi mai kwanson tagulla. An soke shirin, bindigar ba ta shiga aiki ba. A wannan zamanin ne John Andersen ya fito da Pancor Jackhammer mai ganga ta harsashi 10. 'Yan samfura kaɗan aka taɓa ƙerawa, ba wata runduna da ta saya, amma ta cika wasannin kwamfuta irin su Fallout 2 da Max Payne, har yara da yawa suka girma suna zaton makamin soja ce. Kamfanin Mossberg ma ya saka sananniyar bindigarsa 500 a rigar bulfof, bai daɗe ba ya daina.

Dabarar da ta fi burge ni daga Afirka ta Kudu ta fito. Tony Neophytou da Wilmore Stead suka tsara Neostead a farkon shekarun 1990, kamfanin Truvelo ya fara ƙera ta a 2001. Maimakon akwati, sai suka koma ga bututun harsashi irin na gargajiya, amma guda biyu, a kwance a saman bututun harbi, kowanne na cin 6. Kwanso ta ƙasa yake faɗowa, don haka bahago ya huta. Sai dai ɗana ta a juye yake: gaba ake turawa sannan a dawo baya. Wanda hannunsa ya saba da tsohuwar ƙira irin Remington 870, idan tsoro ya kama shi, tsohon sabo zai bi. Ba ta yi kasuwa sosai ba, amma duk masu bututu biyu da suka biyo baya sawunta suka taka.

Mafi shahara a cikinsu ita ce KSG ta kamfanin Kel-Tec na jihar Fulorida, wadda ta bayyana a 2011. Tsawonta inci 26.1, bututunta inci 18.5, kuma ba haka kawai aka zaɓi alƙaluman ba: dokar Amurka ta 1934 ta sa takunkumi na musamman a kan shotgan da ta gaza inci 26 ko bututunta ya gaza 18. Doka ce ta yanka mata riga. Tana ɗaukar 7 a kowane bututu, da ɗaya a ɗane, 15 ke nan, ninki biyu na abin da aka saba.

To amma a dubi mai harbi a filin atisaye. Ya harba, ya ja mariƙin baya da gaggawa, bai kai shi ƙarshe ba ya mayar gaba. Ya ja kunama, shiru. A tsohuwar bindiga, da ya karkata ta kaɗan zai ga ƙofar kwanso a gefe, a gaban idonsa, ya san abin da ya faru, ya jefa harsashi kai tsaye. A KSG ƙofar tana ƙasa, bayan mariƙin hannun dama, kusa da hammatarsa. Dole ya sauke ta daga kafaɗa, ya kifar da ita, ya leƙa rami mai duhu, ya sa yatsa yana laluben ko harsasai biyu ne suka fito tare. Idan bututu ɗaya ya ƙare, shi ne zai tuna ya juya ɗan makunni zuwa na biyun. Hannunsa na hagu kuwa 'yan inci ne tsakaninsa da bakin bindiga, shi ya sa masu koyarwa ke nacewa a ɗaura abin tokare hannu. Masu kare ta sukan ce laifin mai harbi ne da bai ja da ƙarfi ba. Gaskiya ne, amma makamin da aka yi domin lokacin firgici bai kamata ya dogara da natsuwar mai shi ba.

Ko amfanin bututu biyu da ake talla da shi, cewa a saka harsashin kisa a ɗaya da na roba a ɗayan, ofisoshin 'yan sanda da yawa ba su yarda da shi ba. Sun fi son a ware bindiga daban domin na roba, a yi mata gindi ruwan lemo, don kada a yi kuskuren da ba ya gyaruwa.

Sauran sun biyo da nasu. UTS-15 ta Turkiyya ta fara da ƙaurin sunan cijewa, aka yi ta sake mata fasali. Tavor TS12 ta Isra'ila, ta 2018, tana da bututu uku masu juyawa, kuma an ba ta wurin saita iska gwargwadon ƙarfin harsashi, wato ciwon Model 10 ne ake jinya bayan shekara 50. Smith & Wesson ya fitar da M&P 12 a 2021, kafin shekarar ta ƙare ya nemi a dawo da su saboda rahoton tsagewar bututu. Sababbin sun fi na da aminci nesa ba kusa ba, amma kasuwarsu ta fi yawa a hannun fararen hula masu sha'awar harbi.

Soja kuwa aikin da yake wa shotgan kaɗan ne: fasa kwaɗon ƙofa, gadin sansani, kwantar da tarzoma. Ba ya bukatar harsashi 15 don ya fasa ƙofa ɗaya. Da rundunar Amurka ta tashi zaɓen sabuwar shotgan a 1999, Benelli M4 ta Italiya ta ɗauka, mai injinta a gaba da ƙofar kwanso a gefe, ta kuma ci gaba da riƙe tsofaffin Mossberg 500 da 590 da ake ja da hannu.