CIWON KAI BAYAN GUJE-GUJE DA ƊAUKAR KAYA: WANNE NE NA ƘISHIRWA, WANNE NE NA ASIBITI?

Duk wanda ya san garin Gombe ya san cewa da zarar an idar da sallar la'asar, filayen makarantu da na unguwanni kamar Pantami da Bolari da Jekadafari sukan cika da samari masu buga tamaula. A kasuwar Tudun Hatsi kuwa, tun hantsi 'yan dako ke ta saɓa buhunan masara da wake suna lodi a manyan motocin da za su nufi Kudu. Wasan da aikin ba ɗaya ba ne, amma in magariba ta yi akan ji kuka iri guda daga ɓangarorin biyu, watau kai yana sara.

Abin da aka saba yi shi ne a aiki yaro kemis ya sayo ƙwaya biyu a kora da ruwa. To, a nan ne gizo ke saƙa. Yawancin wannan ciwon kai maganinsa bai wuce ruwa da inuwa da abinci ba. Kaɗan daga ciki kuwa alama ce ta cutar da ke iya kisa kafin gari ya waye, kuma ƙwayar kemis ba abin da take yi illa ta rufe alamar.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan ciwo. A kundin da Ƙungiyar Masana Ciwon Kai ta Duniya ta fitar a 2018, an ba shi babi nasa: ciwon kai ne wanda ke tasowa lokacin aikin ƙarfi ko bayansa, ya kan yi bugu kamar ganga, kuma ba ya kai awa 48 bai lafa ba. Kundin ya nuna cewa ya fi tashi a lokacin zafi da kuma a kan tuddai masu tsawo.

MAFARIN CIWON

Na farko shi ne ƙarancin ruwa a jiki. A watannin Maris da Afrilu zafin Gombe kan kusanci awo 40, iska kuma a bushe take, saboda haka zufa na bushewa tun mutum bai gan ta ba. Mai wasa ko mai dako yana iya zubar da lita guda ko fiye a cikin awa ɗaya, watau ruwan leda biyu, alhali rigarsa ba ta nuna ba. In ruwa da gishirin jiki suka ragu, jini ya kan ragu, zuciya ta ƙara gudu, kai ya ɗauki ciwo, wani lokaci har da jiri.

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal kada su ce wannan matsalar gida ce kawai. A Kudu abin juyawa ya yi: iska cike take da laima, zufa na zuba amma ba ta bushewa, jiki kuwa ba ya hucewa sai zufa ta bushe. Don haka mai sauke buhu a kasuwar Mile 12 ko Bodija yana asarar ruwa, ga shi kuma zafin bai bar jikinsa ba.

Na biyu shi ne yunwa. Wanda ya fita gudu ko dako da ɗan shayi kawai a cikinsa, sukarin jininsa ya kan sauka, kai ya amsa. Na uku shi ne yunƙuri. Mai ɗaga buhu ko ƙarfe ya kan danne numfashi ya cije, wannan kuwa na tunkuɗa jini zuwa kai da ƙarfi farat ɗaya, ga kuma jijiyoyin wuya da suka sha nauyi. Na huɗu shi ne goro da shayi. Suna ɗauke da wani sinadari wanda in jiki ya saba da shi aka yanke masa, sai kai ya yi ciwo. Shi ya sa a azumin 2024 da na 2025, waɗanda suka faɗo a tsakiyar zafin Maris, wanda ya buga ƙwallo kafin shan ruwa ya tara wa kansa ƙishirwa da yunwa da rashin goro gaba ɗaya.

MAGANINSA

Rigakafi ya fi magani. A sha ruwan leda ɗaya kamar awa biyu kafin a fara, a kuma riƙa kurɓa a tsakani, kada a jira sai maƙogwaro ya bushe. Fitsari shi ne ma'aunin talaka: in ya yi ja kamar shayi, ruwa ya yi ƙaranci. Wanda ya yi zufa mai yawa ya haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu zawo: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Amma kada a ɗura wa ciki ruwa fiye da kima, domin shi ma yana sirka gishirin jini ya kawo nasa ciwon kai.

A ci wani abu kafin fita, ko kunu ko fura ko dabino. A yi minti 10 ana ɗumama jiki sannu a hankali kafin a shiga gudu sosai. Mai ɗaga kaya ya fitar da numfashi yayin da yake ɗagawa. A guji ranar tsaka, a yi wasa da sassafe ko da yamma liƙis, da azumi kuwa a bari sai bayan buɗa baki. Hutun shan ruwa ba ragwanci ba ne. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Birazil, alƙalin wasa ya tsayar da wasan Holan da Meziko don 'yan wasa su sha ruwa saboda zafi. In manyan 'yan ƙwallon duniya sun tsaya, yaron Herwagana ba shi da dalilin jin kunya.

In ciwon ya riga ya zo, a daina abin da ake yi, a shiga inuwa, a sha ruwa, a jiƙa kai da wuya. Babba yana iya shan farasitamol ƙwaya biyu masu awo 500, amma kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna yi wa ƙoda lahani in jiki ba ruwa, kuma suna cin ciki. Haɗin ƙwayoyi na masu talla a faranti ba a san abin da ke cikinsa ba. Bugu da ƙari, wanda ke shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a kowane wata, maganin da kansa ya kan koma shi ne mai jawo ciwon. Wanda ciwon ke dawo masa kullum ya ga likita, akwai magungunan rigakafi da ake rubutawa bayan an auna mutum.

WANDA BA A JIRA DA SHI

Ga alamun da in an gan su, ba batun kemis sai asibiti nan take. Ciwon kai da ya sauko kamar tsawa, ya kai maƙura cikin minti ɗaya, irin wanda mutum bai taɓa ji ba: yana iya zama jijiya ce ta fashe jini na zuba a ƙwaƙwalwa. Haka kuma in ya zo da amai, ko suma, ko farfaɗiya, ko gani bibbiyu, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa. Haka in ya biyo bayan karo da kai a fili ko naushi a dambe, ko da mutum ya tashi ya ci gaba da wasa. In mutum ya ruɗe yana sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, zafin rana ne ya buge shi: a kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, a garzaya da shi.

In da zazzaɓi da sandarewar wuya, a tuna da sanƙarau, wanda lokacinsa ke nan, watau bazara. Annobar 1996 ta kashe mutum fiye da 10,000 a ƙasar nan, akasarinsu a Arewa. Wanda kuma ya haura shekara 40 ciwon ya fara masa, musamman in da nauyin ƙirji ko haki, a duba zuciyarsa da jininsa. Hawan jini ba ya sallama, awonsa kuwa bai fi minti biyu ba. In ana samun 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai, sai a nemi likita.

A Gombe akwai Asibitin Ƙwararru na jiha a Jekadafari, da Asibitin Koyarwa na Tarayya a kan titin Ashaka, wanda aka kafa a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar. A Ikko asibitin koyarwa na jami'a yana Idi-Araba, ƙofa da ƙofa da unguwar Hausawa, a Badun ma akwai nasu.

Mai neman abinci da ƙarfinsa ba shi da jarin da ya wuce jikinsa, kuma mutanen gida da shi suka dogara. Kuɗin ruwan leda da awon jini ba su kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Lafiya uwar jiki. Allah ya sawwaƙe, amin.