Gawo, irin gaggawa da noman damina a Magarya da Dungas

Manomin Magarya ba ya bukatar a kawo masa takarda kafin ya yarda damina ta sauya hali. Ya yi binne, ruwan farko ya sauka, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke mako biyu ko uku, iska ta taso da rairayi ta rufe tsiron. Ya sake shuka, wani lokaci har sau uku. Idan Agusta ta zo kuma, ruwan wata guda ya zuba cikin kwana biyu, ya wanke taki, ya rushe gidajen ƙasa. A Satumbar 2024 irin wannan ruwa ne ya kayar da tsohon masallacin Birnin Damagaram. Yawan ruwan shekara ba shi ne babbar damuwa ba yanzu. Lokacin zuwansa da yadda yake rabuwa su ne suka rikice.

Abin da ya fi taimakon wannan yanki yana tsaye cikin gonakinsa. Bayan farin 1984, manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka rage tumɓuke tohon itace lokacin sassabe. Suna zaɓar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kan kututture, su datse sauran, su bar su su girma. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya yaɗa a Maraɗi tun farkon shekarun 1980. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya kiyasta gonakin da suka farfaɗo haka a waɗannan gundumomi uku sun kai kusan hekta miliyan ɗaya, kuma a lokacin Dungas tana cikin Magarya, don sai a 2011 aka ware ta. Gawo ne ya fi yawa a cikin itatuwan da aka bari, kuma da dalili. Da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa gero rana. Da rani yake kore, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin ƴaƴansa, su bar kashi a wurin. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, jikinsa yana karya iskar da ke binne tsiro. Duk wanda ya kwatanta zangarniyar gindin gawo da ta tsakar fili ya san bambancin. Abin haushi, har yanzu akwai masu shiga gonar wani da dare su sassare rassan don kiwo ko itacen sayarwa, su ɓata wahalar shekara goma cikin sa'a guda.

Sai maganar iri. Tunda damina ta gajarce, geron da ke nuna da wuri ya fi tsira. Cibiyar binciken noma ta INRAN ta daɗe da fitar da irin geron HKP, a 2018 kuma aka fito da Chakti, wanda ke nuna cikin kwana 65 ko kusa da haka. Amma a ganina kuskure ne manomi ya watsar da irin gado gaba ɗaya. Geron da ya riga na maƙwabta nuna, tsuntsaye a kansa suke taruwa, kuma a shekarar da ruwa ya kai Oktoba irin gida ya fi ba da kara da dami. A raba gona: wani ɓangare irin gaggawa, wani na gado, a tsarma wake, riɗi ko gyaɗa a tsakani. Wake yana gyara ƙasa, yana rage ƙuduji idan ana juya shuka, harawarsa kuɗi ce a watan Afrilu.

Takin zamani ya yi tsada, watsa shi a fili kuma asara ce. Masu bincike na ICRISAT a Sadore sun nuna ɗan kaɗan a kowane rami, kamar gram 6 na NPK, cikin murfin kwalbar lemo ke nan, yana ɗaga amfani sosai. Sai dai a haɗa shi da takin gida, kuma a jira ƙasa ta jiƙu, don a busasshen rami ƙona iri yake yi. Karan gero ma a bar wani abu a gona ya riƙe danshi, ko da yake na san mai awaki zai ce da me za su ci rani.

Masu fadama a kwarin Korama suna da mafita ta biyu, ta rake da kayan lambu. Sauran kuwa, kafin ku kwashe iri daga rumbu bana, ku saurari hasashen damina da ake bayarwa a rediyo, kuma kowa ya zagaya gonarsa ya ƙirga tohon gawon da zai bari.