Lantarki da dafin gansakuka: ina gaskiya, ina ƙarya?

Ana yawan jin cewa masana sun gano yadda wutar lantarki ke kashe dafin gansakukar ruwa, har wasu na ƙarawa da cewa kowa zai iya yi a gida da 'yar na'ura. Maganar farko tana da tushe. Ta biyun kuwa tana iya kai mutum asibiti.

Abin nan da ke rufe fuskar tafki ya koma kore shar kamar an zuba fenti, yawanci ƙwayoyin bakteriya ne. Suna hayayyafa idan ruwa ya tsaya, rana ta yi zafi, ga takin zamani da ƙazantar gari na kwarara ciki. Wasunsu na ɗauke da dafin maikurosistin mai lalata hanta. Ba duka ba ne, domin matan Kanembu a Chadi sun daɗe suna kwasar wani nau'insu a tafkunan kanwa, su shanya, su zuba a miya, suna kiransa dihe. Sai dai ido ba ya rarrabe mai dafi da marar dafi, sai an yi gwaji. Mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada dafin ya wuce maikurogiram 1 a litar ruwan sha. A 1996, a garin Karuwaru na Brazil, fiye da mutum 50 masu wankin ƙoda sun rasu bayan an yi musu aiki da ruwan da dafin ya shiga.

Ana cewa tafasawa ta isa. Ba ta isa ba. A watan Agustan 2014, da dafin ya shiga ruwan famfon birnin Toledo na Amurka daga Tafkin Erie, an hana mutum fiye da 400,000 sha, aka kuma ja musu kunne kada su tafasa. Zafi ba ya fasa wannan dafi. Ruwan ne ke ƙafewa, dafin ya ƙara kauri a abin da ya rage.

Lantarki kuwa yana iya fasa shi, wannan gaskiya ne. Ana sa farantai biyu a cikin ruwa, a ratsa da wuta. A jikin farantin ɗaya sai wasu sinadarai masu kaifin gaske su samu daga ruwan kansa, ɗan gishirin da ke ciki kuma ya rikiɗe ya zama kulorin. Su ne ke yayyanka ginin dafin har ya rasa ƙarfinsa. Amma farantan ba ƙarfen banza ba ne, wasu ma an shafe su da lu'ulu'un da aka haɗa a masana'anta, kuma yawancin nasarar an same ta ne a ɗakin gwaji da ƙananan matatu. Idan aka yi sake da ƙarfin wutar, kulorin ɗin na komawa wasu gishiran masu illa ga lafiya.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wasan masu tallan na'urar tace ruwa. Mutum zai tsoma sandunan ƙarfe da na alminiyom a kofi, ya kunna, cikin minti ɗaya ruwan ya yi ja ko baƙi-baƙi, kumfa ta taso, ya ce ka ga gubar da iyalinka ke sha. Wannan launi tsatsar sandar ce da ke narkewa. Ruwa mai kyau ma haka zai yi muddin akwai ɗan gishirin ƙasa a cikinsa.

Akwai wani haɗarin da ba a cika faɗa ba. Yawancin dafin yana ƙunshe ne a cikin ƙwayoyin bakteriyar, idan aka fasa su sai ya watsu a ruwa. A 1979, a tsibirin Palm na Ostareliya, an zuba maganin kashe gansakuka a madatsar da gari ke sha, yara fiye da 100 suka kwanta asibiti. Shi ya sa matatun ruwa ke fara tattara ƙwayoyin da alam, su tace su suna nan ba su fashe ba, sannan su bi dafin da ya narke da gawayin da aka sarrafa musamman, ko kulorin da aka auna.