Daga Shagari Zuwa Sakkwato: Wa Zai Riƙe Hannun Ɗan Talaka?

In mutum ya tashi daga birnin Sakkwato ya miƙi hanyar kudu, zai fara isa Boɗinga, in ya ƙara gaba ya kai Shagari. Mota kan cinye wannan hanya cikin ɗan lokaci kaɗan. Amma ga ɗan talaka mai son karatu, tafiya ce ta shekaru, da yawa kuwa ba su kai ƙarshenta.

Wannan ƙasa ba baƙuwar ilimi ba ce. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. 'Yarsa Nana Asma'u kuma ta aika mata malamai, waɗanda ake kira jaji, su bi ƙauyuka suna koya wa mata. Ashe son karatu ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Abin da ke tare yaro shi ne rashi.

Mu dubi labarin wani yaro da aka haifa a garin Shagari a 1925. Mahaifinsa shi ne Magajin garin, amma ya rasu tun yaron yana ƙarami. Bayan karatun allo, aka kai shi elementare a Yabo a 1931. Daga can ya shiga Midil ta Sakkwato, sa'an nan Kwalejin Kaduna. Ya dawo ya zama malamin makaranta a Sakkwato da Argungu. A 1954 aka zaɓe shi ɗan majalisa a Ikko, a 1979 kuma ya zama Shugaban Ƙasa. Wannan shi ne Alhaji Shehu Shagari, wanda ya rasu a 2018.

Ku lura da abu guda. Kowane mataki na karatunsa ya kai shi nesa da gida, a kowane mataki kuma akwai wanda ya ɗauki nauyin ci da kwanansa. Sa'o'insa da ba su sami wannan ba, ba don sun fi shi ƙarancin basira ba ne suka tsaya.

Yau makaranta ta matso kusa. A 1976 gwamnati ta buɗe firamare kyauta ga dukan yaran Nijeriya. A 1999, a Sakkwato ɗin nan aka ƙaddamar da sabon shirin ilimi na bai ɗaya, dokar 2004 kuma ta ce shekara 9 na farko kyauta ne, tilas ne kuma. Duk da haka a ƙarshen 2015 sai da gwamnatin jihar ta sa dokar ta-ɓaci a kan ilimi, domin yara masu yawa suna waje.

Ina dalili? Kyauta ba ta sayen rigar makaranta, ko littafi, ko takalmi. Babban tsadar ma ita ce hannun yaron. Da damina ana bukatarsa a gonar gero, da rani a fadamar albasa. Yarinya kuwa tallan da take yi da safe shi ne cefanen dare. Uban da ya ce su zauna a gida ba mugu ba ne, lissafin tuwon yau yake yi.

Wurin da aka fi faɗuwa shi ne tsakanin firamare da sakandare, inda ake bukatar kuɗin mota ko masauki a gari. Yaro zai shiga Sakkwato, i, amma ba da littafi ba. Zai tura baro a kasuwa, ko ya yi ga-ruwa, in ya girma ya hau kabu-kabu. Neman halal ba abin kunya ba ne. Sai dai ɗan ajinsu da ya ci gaba zai iya shiga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya zaɓi aikin da yake so. Shi kuwa rashi ne ya zaɓa masa.

'Yan'uwa cikin Almasihu, wannan magana ta shafe mu. Musa ya yi karatu a gidan Fir'auna, Daniyel a Babila, Allah kuwa ya mori iliminsu domin ceton mutane da yawa. Yawancinmu da ke karanta wannan mujalla, wani ne ya riƙe mu. Ko kawu, ko malami, ko ikkilisiya.

To, me za mu yi? Mai ɗaki a gari ya karɓi yaro guda daga ƙauye, ya sa shi makaranta da gaske, kada ya mai da shi bara. Zumuntar mata ta haɗa kuɗin riga da littattafai tun kafin a koma hutu. Malamai na cikinmu su ba da yamma ɗaya a mako ga yaran unguwa, ba tare da tambayar addinin iyayensu ba. Iyaye kuma kada su cire 'ya mace domin ɗa namiji ya ci gaba, gama dukansu amanar Ubangiji ne.

Kafin watan gobe, kowane gida ya nemi sunan yaro guda da ya daina zuwa makaranta, ya je ya gai da iyayensa, ya tambayi abin da ya hana. Sau da yawa za ku tarar abin bai fi ƙarfin aljihunku ba. Allah ya ba mu zuciyar yi.