Sakamakon Jarrabawa da Yaran da Ke Bayansa: Makarantun Sakandaren Gwamnati a Birnin Kano

Yau za mu leƙa makarantun sakandaren gwamnati na cikin birnin Kano, mu ji abin da sakamakon jarrabawa ke faɗa a kansu, mu kuma nemi abin da ya yi shiru a kai.

A watan Satumban 2025, shugaban hukumar NECO, Farfesa Dantani Wushishi, ya fitar da sakamakon jarrabawar kammala sakandare a Minna. Ɗalibai 1,358,339 ne suka zauna a faɗin ƙasa, kuma kashi 60 cikin ɗari da ɗan ɗoriya suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Jihar Kano ce ta fi kowa yawan waɗanda suka haye, da ɗalibai 68,159, Legas na biye da 67,007. An yi murna, kuma murnar ta dace, domin kowane ɗaya daga cikin yaran nan guminsa ne da na iyayensa da na malamansa. Sai dai ɗaliban da Kano ta shigar sun haura dubu 136, ke nan kusan rabinsu ba su samu abin da zai kai su jami'a ba. Lissafin biyu duk gaskiya ne, kuma duk sun zuba makarantun kuɗi da na gwamnati, na birni da na karkara, cikin buhu ɗaya. Ra'ayina shi ne, ba za mu yi wa makarantar gwamnati adalci ba sai mun san wane yaro ta karɓa, a wane hali ya zo mata, kuma har ina ta kai shi.

Su wane ne yaran? Birnin Kano ya haɗa ƙananan hukumomi takwas daga cikin 44 na jihar: Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Unguwannin gefe irin su Ɗorayi, Sheka, Bachirawa da Rimin Kebe suna cika kullum da iyalan da suka baro ƙauye neman abinci, gidaje na tashi fiye da yadda azuzuwa ke tashi. A gefe guda kuma, mafi yawan masu hali sun kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi. Waɗanda suka rage wa gwamnati akasari 'ya'yan lebura ne, da ɗan dako, da direban adaidaita sahu, da ƙaramin ma'aikaci, da marayu. Ku shiga ajin irin waɗannan yara da hantsi: bencin mutum uku ya ɗauki biyar, saura na ƙasa da littafi a gwiwa, kiran suna kaɗai ya cinye kusan kwatan darasi. Yarinyar da ke kusa da taga ta yi shara, ta ɗebo ruwa, ta yi wa ƙannenta wanka kafin ta fito. Yaron da ke bayanta ana tashi zai nufi Kantin Kwari jiran shagon ubangidansa, da dare ya yi bita da fitilar waya. Da Hausa suke magana a gida da kasuwa, da Turanci za a jarraba su. A ce malamar Turanci na da azuzuwa huɗu masu ɗalibai ɗari-ɗari: in ta ba su rubutun insha'i guda, ta ba kowace takarda minti biyar, sai ta shafe sama da awa 33 kafin ta gama dubawa. Wannan ne ya sa insha'in ke ƙaranci, kuma a Turanci ne da yawa ke tuntuɓe.

To, ku ajiye wannan aji kusa da makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka kafa a 1977. Sun yaye likitoci da injiniyoyin da jihar ke alfahari da su, kuma ba mai musun aikinsu. Amma da jarrabawa ake shigarsu, an tace yaran tun a ƙofa. Makarantar jeka-ka-dawo ta unguwa kuwa duk wanda aka turo mata sai ta karɓa. Wanda ya ƙirga dami ya yanke wa manoma biyu hukunci, bai tambaya wa ke noma fadama wa ke noma fako ba, ya zalunci ɗaya ya kuma yaudari ɗaya. Akwai wata matatar ma: jarrabawar kwalifayin da ɗaliban aji biyu na babbar sakandare ke zaunawa, wadda da ita gwamnati ke zaɓen waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO. Wanda ya faɗi, in gidansu ba hali, yana iya rasa zama gaba ɗaya. Shi da yarinyar da ta daina zuwa tun aji ɗaya, babu sunansu cikin masu nasara, babu cikin waɗanda suka faɗi. Sun ɓace daga lissafi.

Saboda haka abin da ya kamata ma'aikatar ilimi ta riƙa bayyanawa kan kowace makaranta abu uku ne tare: matakin karatun yara ranar da suka shigo, yawan waɗanda suka kai aji uku suka zauna jarrabawa, maza da mata daban, sannan sakamakon. An gwada irin wannan a Shikago ta Amurka, inda mafi yawan ɗaliban makarantun gwamnati baƙar fata ne da 'yan asalin Latin Amurka daga gidaje masu ƙaramin ƙarfi. A 2005 masu bincike na Jami'ar Shikago suka nuna cewa yaron da ya gama shekarar farko ta babbar sakandare ba tare da faɗuwa fiye da sau ɗaya a manyan darussa ba, ya fi ɗan'uwansa yiwuwar kammalawa fiye da ninki uku, kuma wannan alama ta fi asalin gidansu nuna makomarsa. Makarantu suka koma bin sawun 'yan aji ɗaya tun zangon farko, yau masu kammalawa a birnin sun haura kashi 80 cikin ɗari. Mu ma mun san wannan tun kaka da kakanni: Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Wani zai ce wannan neman uzuri ne ga malamai, a fake da talauci a bar aiki. Ina ganin akasin haka ne. Awon da ya fara daga ranar shigowa shi ke tona asirin makarantar da ta karɓi zaƙaƙuran yara ta bar su yadda suka zo, shi kuma ke fito da malamin da ya karɓi yaron da bai iya haɗa jimla ba ya kai shi ga kiredit huɗu. A yanzu malamin nan ba mai ganinsa. Wani kuma zai ce jami'a kiredit biyar ta sani, ba ta tambayar daga ina yaro ya taso. Gaskiya ne, kuma babu mai neman a rage wa ɗan talaka mizani. Amma in sakamakon ƙarshe kaɗai ake yabo da zargi a kai, an koya wa shugaban makaranta hanya mafi sauƙi: ya kawar da kai daga masu rauni har su gaji su tafi, ko ya rufe ido ranar satar amsa. Na uku zai ce ina kuɗin wannan aiki? Rajistar kiran suna da takardar sakamakon zango suna cikin kowane ofishin shugaban makaranta. Abin da ya rage shi ne a tattara su, a karanta, a je gidan yaron da aka yi sati biyu ba a gani ba.

A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ya kuma amince a bainar jama'a cewa ɗimbin yara a ƙasa suke zama. Wannan amincewa mataki ne, kuma kason ilimi a kasafin jihar ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari. Amma kuɗi na buƙatar jagora. Sai an san wace makaranta ce ta fi cunkoso, ina 'yan mata suka fi yankewa, ina babu malamin Lissafi, sannan sabon benci da sabon malami za su sauka inda aka fi jiransu. Ku iyaye kuma, in kun je taron makaranta, bayan kun tambayi nawa suka ci, ku tambayi nawa suka shigo shekara uku da suka wuce, kuma ina sauran suke.