Hutu a Kan Ruwa: Yadda Siririn Jirgi Ke Ratsa Tsakiyar Birnin Birmingham

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin madatsar ruwan Zobe, kudu da garin Dutsin-Ma, ya ga masunta suna tuƙa kwale-kwalensu da sassafe, ya san cewa jirgin ruwa a wannan yanki kayan neman abinci ne. Da wuya a sami ma'aikacin da zai karɓi hutunsa na shekara ya ce a cikin jirgi zai yi shi. A ƙasar Ingila kuwa akwai dubban mutane da ke yin haka kowace shekara. Sukan yi hayar wani irin siririn jirgi na mako guda ko biyu, su kwana a ciki, su yi girki a ciki, su bi hanyoyin ruwa waɗanda aka haƙa da hannu, watau abin da manoman rani na Kadawa da Kura ke kira kanal, har su ratsa tsakiyar manyan birane.

Faɗin wannan jirgi bai kai ƙafa 7 ba, amma tsawonsa yakan kai ƙafa 70. A cikinsa akwai gadaje da murhu da makewayi, duk a jere kamar taragon jirgin ƙasa. Matuƙi yana tsaye ne a baya, riƙe da sandar tuƙi, kuma doka ba ta yarda ya wuce gudun mil 4 cikin sa'a ɗaya ba, watau mai tafiya a ƙasa da ɗan sauri yana iya jerawa da shi. Ba a neman lasin daga mai haya. Masu jirgin sukan koya masa tuƙi na ɗan lokaci, su gargaɗe shi ya bi dama idan ya gamu da wani jirgi, sa'an nan su sallame shi.

Asalin waɗannan hanyoyi kasuwanci ne. A 1761 aka buɗe kanal na Bridgewater domin kai kwal birnin Manchester, kuma wani gwani mai suna James Brindley na cikin waɗanda suka yi aikin. Da aka ga kwal ya yi arha ƙwarai, sai attajiran Birmingham suka ɗauki Brindley ya haƙa musu nasu, kwal na farko kuwa ya iso birnin ta ruwa a 1769. A zamanin nan doki ne ke jan jirgi da igiya, yana tafiya a wata 'yar hanya da ke gefen ruwa, kuma doki guda yakan ja kayan da ya kai tan 25 ko fiye. Idan an zo ramin da aka huda ƙarƙashin tudu, inda doki ba shi da wurin bi, sai mutane su kwanta rigingine a kan jirgi, su riƙa tokarar bango da ƙafafu har su fita.

A yau birnin Birmingham yana da kimanin mil 35 na irin wannan hanya, mutanensa ma sukan yi alfaharin sun fi birnin Venice na Italiya. Matafiyin da ya taho daga kudu zai fara wuce Bournville, inda masana'antar cakulan ta Cadbury take, wadda ta daɗe tana sayen koko daga Afirka ta Yamma. Daga nan sai Jami'ar Birmingham, inda aka kafa cibiyar nazarin Afirka ta Yamma a 1963. Ba da jimawa ba zai iso Gas Street Basin, tsohuwar matattarar jirage a tsakiyar birni, inda ɗakunan ajiyar kaya na dā suka zama gidajen cin abinci. A nan yakan ɗaure jirginsa ya kwana, motoci suna ta kai da kawowa a kan gadar da ke bisansa.

Aiki mai wuya yana jiransa idan gari ya waye. Ruwa ba ya hawa tudu, saboda haka aka gina wasu ɗakuna na bulo marasa rufi, masu ƙofa gaba da baya, waɗanda Turawa ke kira lok. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, sai wani daga cikin matafiyan ya sauka da lanƙwasasshen ƙarfe irin wanda ake murɗawa a tada injin niƙa, ya buɗe kafar da ke ƙasan ƙofar gaba. Ruwa ya riƙa fita a hankali, jirgi yana sauka tare da shi, har ya yi daidai da ruwan da ke gaba, sa'an nan a ture ƙofa a wuce. Faɗin wannan ɗaki, ƙafa 7, shi ne dalilin da ya sa jiragen suke sirara. A Farmer's Bridge akwai guda 13 a jere, suna saukar da jirgi kimanin ƙafa 80, waɗansu ma a ƙarƙashin manyan benaye suke. Kowane saukar jirgi yana tafiya da ruwa mai yawa, don haka aka gina tafkin Edgbaston domin a riƙa mayar da abin da ya zube.

Waɗannan hanyoyi sun kusa mutuwa. Jirgin ƙasa ya ƙwace musu ciniki tun daga shekarun 1830, daga baya motocin kaya suka ƙarasa. Gwamnati ta karɓe su a 1948, kuma a tsananin sanyin 1962 zuwa 1963 ruwa ya daskare makonni da yawa, jirage suka kasa motsi, sauran masu kaya suka koma titi. An cike waɗansu da ƙasa, waɗansu suka zama juji. Abin da ya cece su shi ne wata ƙungiyar masu sha'awa da aka kafa a 1946, wadda 'ya'yanta suka riƙa shiga laka suna yashe shara ba tare da an biya su ba, da kuma dokar sufuri ta 1968 wadda ta amince a kula da yawancinsu domin masu yawon hutu. Tun 2012 wata hukumar amana ce ke riƙe da kimanin mil 2,000 na hanyoyin ruwa a Ingila da Wales, kuma kowane jirgi sai ya biya kuɗin lasin, ya sami takardar shaidar lafiya, kafin a bar shi a kan ruwa.

Wannan tarihi ya shafi mutanen Dutsin-Ma da Kurfi. An gama madatsar Zobe a kan kogin Karaduwa a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, domin noman rani da ruwan sha, amma sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin kai ruwanta birnin Katsina. Shekaru 38 ke nan tsakanin gini da wannan amfani. Ba wanda zai ce a sa jiragen shaƙatawa a kanal na ban ruwa, domin ba don haka aka yi shi ba. Amma tafkin kansa yana da faɗi, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, duk cike da matasan da ba su da wurin shan iska a ƙarshen mako.

Sai dai akwai sharuɗɗa biyu. Na farko tsaro, domin ɓarayin daji sun addabi ƙauyukan wannan yanki shekaru da dama, kuma ba mai kai iyalinsa bakin ruwa yana waiwaye. Na biyu lafiyar jirgi. A watan Nuwamba na 2021 wani jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai ta Jihar Kano, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Kafin a gayyaci kowa zuwa Zobe, wajibi ne hukumomi su yi rajistar kowane jirgi, su ƙayyade yawan mutanen da zai ɗauka, su tanadi rigunan ceto, su kuma sa masuntan wurin a gaba, tun da su ne suka san inda ruwan ke da zurfi.