Taushin Kuloci da Nisan Taku a Motar Haɗin Gida

A Ingila akwai ƙananan motocin gudu da ake sayarwa sassa-sassa, mai saye ya haɗa abarsa a garejin gida. Caterham Seven ce fitacciya. Asalinta Lotus Seven ce da Colin Chapman ya fitar a 1957, Caterham ta sayi haƙƙin ƙera ta a 1973. Masu haɗa ire-irenta kan ɗauko inji daga nan, giya daga can, shi ya sa kuloci kan fito da tauri, ko a taka shi har ƙasa giya ta ƙi shiga.

Kuloci mai aiki da mai silinda biyu gare shi. Feda tana tura fistin na sama, wanda makanikai ke kira masta. Man ya bi bututu ya tura na ƙasa, shi kuma ya danne sifirin ya raba inji da giya. Faɗin masta ne ke raba gardama. A cire mai inci 0.75 a sa mai 0.625, ƙarfin da ƙafa ke sawa zai ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Sai dai tafiyar feda za ta ƙaru da kusan kashi 44, domin siririn fistin mai kaɗan yake turawa. Abin da aka rage wa gwiwa, taku ne ke biya, ga wurin ƙafa a waɗannan motoci a matse yake. Haka lissafin yake idan aka matsar da sandar masta kusa da maƙalar feda.

Amma ni a ganina, kada a yi gaggawar sayen masta. A fara fitar da iska daga cikin mai, domin ita matsuwa take yi, ta cinye taku a banza. Sannan a bar ɗan wasa tsakanin sanda da fistin. In babu shi, ƙaramar kafar da mai ke komawa tanki za ta toshe, mai ya yi zafi ya kumbura, kuloci ya riƙa zamewa.

Wurin da aka fi yin sakaci shi ne abin da ke tare fedar kanta. Idan silindar ƙasa irin ta cikin ƙoƙon giya ce, taku fiye da kima zai fito da fistin ya yaga roba, gyara kuwa sai an sauke giya, sau da yawa har da inji. Don saita shi, a ɗage ƙafafun baya, a kashe inji, a sa giya, wani ya riƙa taka feda a hankali har tayoyin biyu su juyu gefe ɗaya da hannu. A ƙara ɗan taku kaɗan, a ɗaure noti ya tare feda a nan.